Taɓaryar Ƙarfe a Panyu

Tun ranar Asabar bakina yake ƙaiƙayi. Duk wanda na gani sai na tare shi da zancen, har matar da take sayar da lemo a ƙasan benenmu, wadda ba ta jin ko "zo" da Hausa, sai da na ba ta labarin da hannu. To ku ma ku gyara zama.

Ni ce Lauratu, matar Ghali mai lodin kayan waya zuwa Kano. A nan Guangzhou ta ƙasar Sin muke, unguwar Dengfeng, can sama a wani bene da in kin leƙa taga ba abin da za ki gani sai shanyar mutane tana lilo da ruwan esi yana ɗiga. A nan na haihu. Sunan yarinyar na yanka Halimatu Sadiya, sunan Hajiyarsa ne, shi ya sa muke ce mata Yalwa. Kyakkyawa ce wallahi, ba don ni na haife ta ba. Matsalarta ɗaya, ba ta barci. In ta ɗan lumshe ido da hantsi, ko cokali ne ya faɗi a kicin ɗin maƙwabta ta farka kenan, sai kuka. Na goya, na zaga ɗaki, na jijjiga, na yi mata duk waƙar da na sani har da wadda ban sani ba, a banza.

Da na kira Innarmu a Gezawa na kai ƙara, dariya ta yi. Ta ce in goya ta in yi daka, ai mu duk a bakin turmi muka yi barcinmu. Ina da ɗan ƙaramin turmi da wata ta taho mini da shi a jaka, na ɗauko na zuba citta da kanumfari na fara. Ban yi nisa ba tsohon da yake ƙasanmu ya fara dukan silin ɗinsa da sandar tsintsiya, washegari mai gidan hayar ya kira Ghali ya yi masa magana. Turmin yanzu albasa nake ajiyewa a ciki.

Na rame, idona ya faɗa. Wata rana muna cin abinci Ghali ya ce, a hankali ya faɗa ba da faɗa ba, ya ga gara ni da yarinya mu koma Kano wajen Hajiya har a yaye ta, can akwai hannuwa, akwai tsakar gida. Har ya tambayi mai yi masa kago a filin jirgin Baiyun yadda jirgi yake a watan nan. Na ce to. Amma na ture kwanon tuwon gefe. Ba wai ba na son gida ba ne. Yaye fa ba kusa ba, yarinya za ta tashi ta san ubanta a cikin waya kawai, ɗan mitsitsi, yana katsewa in netiwok ya ɗauke. Ni kuma na saba da shi, na saba da jin makullinsa a ƙofa.

Na kai kukana wajen Tanti Balkissa. 'Yar Maraɗi ce, babbar mace, tana da gidan abinci a lungun bayan shagunan waya. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, sannan ta ce mutanenta 'yan Nijar sun ishe ta, kullum in sun gama cin abinci sai sun tambayi kafe, wato gahawar nan mai kauri mai ɗaci da ake ba mutum a ɗan finjali, ita kuwa ta gwangwani kawai gare ta. Ta nuna mini wani gurbi a bakin tagarta inda take jibge kwalaye.

"Ɗiyata, samo injin kafe ki zamna nan," in ji ta. "Ga mata cike da madafa, kowa ta ɗaukar miki ɗiya. Mi za ki je yi Kano?"

Ghali ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. In yarinya ta jure aikin, mu zauna. In kuka ne a kan kuka, tikiti. Muka je shagon wani abokinsa mai sayar da sababbin injina, masu sheƙi, waɗanda maɓalli kawai ake dannawa. Aka danna. Abin ya ɗauki gurnani kamar injin markaɗe, Yalwa ta sandare a bayana ta tsala ihu har mai shagon da kansa ya zare filogi. Ghali ya kalle ni, ni kuma na kalli takalmina.

Tanti ce ta sake cetona. Ta ce tana budurwa ta yi wanke-wanke a wani otal a Yamai, kuma injinsu ba ya gurnani, hannu gare shi dogo da ake ja, numfashi kawai yake yi. Ta ce irin na da ne, sai dai na hannu, a nema a yankin Panyu, ƙetaren kogi, wajen masu sayen kayan gidajen shayin da suka rufe.

Ranar Asabar ɗin ana yayyafi tun asuba, irin yayyafin nan nasu mai ɗumi da ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka taɓa wuyanka. Muka shiga metiro, jirgin nan mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Yalwa tana bayana ido biyu tana kallon fitilu suna wucewa, ni kuma ina addu'a a zuciyata. Da muka fito muka ɗauki tasi har wani layi na manyan rumfunan kwano.

Ban taɓa shiga waje irin wannan ba. Kujeru ne a kife kan kujeru har rufi, ƙafafunsu a sama kamar garken dabbobi sun kwanta. Fitilun ado suna rataye ba wuta, madubai a jingine suna kallon juna, in kin wuce sai ki ga kanki ya shiga wannan ya fita ta wancan. Ruwa yana taka kwano a hankali. Ko'ina ƙamshin tsohuwar gahawa da danshi, kamar duk hirar da aka taɓa yi a kan teburan nan ta biyo su ta zauna.

Masu wajen tsoho ne da tsohuwarsa. Ghali ya ce nihau lauban, wato sannu mai shago, ya nuna wa tsohon hoto a waya. Tsohon ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu, kalmar da Sinawa suke fara gaishe ka da ita kafin su duba. Ni kuwa na miƙa hannu sama na ja iska ƙasa, na sake ja. Tsohuwar tana zaune tana ɓare gyaɗa, ta ga abin da na yi, ta tuntsire da dariya, ta tashi ta yafito mu. Ghali ya ce in kira ta Ayi, haka ake kiran iyaye mata a nan.

Can ƙuryar rumfar, a kan wani dogon benci, ga injinan guda uku.

Na farkon ni dai ina ganinsa na ji na mutu a kansa. Tagulla ne, dogo, cikinsa zagaye kamar hasumiya, a samansa ga mikiya ta buɗe fukafukai. Na matsa na ga fuskata a jikinsa ta yi tsawo ta yi ja, kan Yalwa ya leƙo ta kafaɗata kamar wata. Nan take na hango shi a tagar Tanti, rana tana dukansa, mutane suna tsayawa a titi suna nuni. Har na hango kaina da sabon leshi. Na ce wa Ghali wannan ne, ba sai mun duba sauran ba.

Ya ce, "Ke da mikiyar za ku dafa?"

Tsohon ya kwance murfin tukunyar ya haska tocila ya ce in leƙa. Cikin ya yi fari fat, ya daskare kamar an kwaɓa kanwa an shafe. Ya karkata shi ya nuna mana ƙasansa, ya sa farce, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Filoginsa ma na wata ƙasa ne da wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba. Duk da haka na nace, sai ya zuba masa ruwa don in gani da idona. Ruwan ya fara tsattsafowa ta wuya, ta gindi, ta inda ma ban san akwai ƙofa ba. Ayi ta yi magana a wayar Ghali mai fassara, wayar ta ce wannan na kallo ne, masu otal suna saye su ajiye kusa da fulawa. Na shafa kan mikiyar na ce mata sai wata rana.

Na biyun ƙarami ne, fari, mai kyau da shi, kamar butar amarya. Cikinsa tas. Shi ana ɗaga hannun ne sama sannan a danno shi ƙasa da ƙarfin mutum. Na gwada, ya taso gaba ɗaya ya nufo ƙirjina, sai da Ghali ya tare. Tsohon ya ce ai na gida ne, na mutum ɗaya da safiyarsa, in aka jera masa finjali da yawa zafi yake ɗauka ya ƙona gahawar. Na tuna Alhaji Barmo da tawagarsa ta 'yan Nijar in sun shigo wajen Tanti bayan Juma'a, na ce a'a.

Lokacin Yalwa ta fara ƙananan kukan nan na share fage. Ghali ya fara duba waya. Na san wannan dubawar, ta tikiti ce.

Na ukun yana ƙarƙashin tamfol. Da aka yaye na ɗan ja baya, don ba shi da kyau ko kaɗan. Ƙato, mai kusurwa huɗu, fentinsa kore ya koɗe kamar ƙofar ajinmu na firamare. Amma hannunsa a tsaye yake, dogo, ya kusa kai mini goshi, da mariƙin baƙin katako da ya lotsa daidai tafin wani mutum da ban sani ba. Wayar ta ce daga Italiya ya fito tun tsohon yana saurayi, ya yi aiki a wani gidan shayi a bakin ruwa har mai shi ya tsufa ya rufe. Aka haska tukunya, jan ƙarfe ne tsaf. Ƙasansa ba tsatsa. Tsohon ya ɗauko wata roba da ta tsattsage kamar tsohon silifa ya nuna mana, ya ce ita ya cire ya sa sabuwa, don a tsohon inji roba ce take fara mutuwa. Ya zuba ruwa ya kunna. Muka kasa kunne. Ba gurnani. Can sai wani ɗan sauti siriri, kamar ruwan tuwo ya fara motsi a gidan maƙwabta.

Ya ce kafin ruwan ya yi zafi in ja hannun in ji ko zan iya, don akwai sifirin a ciki mai ƙarfi, mata da yawa ba sa iyawa.

Na gyara majanyi. Na ware ƙafa. Na kama da hannu biyu na jawo ƙasa.

Wallahi jikina ne ya riga ni ganewa. Nauyin nan, yadda kafaɗa take sauka, yadda ƙugu yake lanƙwasa ya miƙe, ai taɓarya ce. Na raka shi sama a hankali, na sake jawowa. Na sake. Yalwa ta yi shiru. Na ji ta tana tafiya da bayana, gaba, baya, kamar yadda ni ma na taɓa tafiya da bayan Inna. Na lumshe ido. Sai rumfar ta tafi. Ga ni a tsakar gidanmu a Gezawa da sanyin safiya, inuwar darbejiya ta kwanta a kan turmi, Yaya Saffana tana gefe da tata taɓaryar muna lugude, kaji suna zagaye ƙafafunmu suna jiran abin da zai fallatso, hayaƙin murhu yana tashi miƙe. Har ƙamshin gero na ji.

To mu a gida in daka ta yi daɗi, ba a riƙe taɓarya. Cilla ta ake yi, a tafa, a cafe. Ban yi shawara da kowa ba, hannuwana ne suka yi abinsu. Ina kai shi ƙasa na sake shi na tafa.

Ƙarar da ya yi kamar an harba bindiga. Hannun ya wuntsila sama, bencin ya girgiza, finjalai suka yi tsalle. Ghali ya sunkuyo kenan yana leƙen ƙasan injin, mariƙin ya shafi goshinsa ya ɗauke hularsa, ta tashi ta faɗa can cikin ƙafafun kujeru. Tsohon ya ɗora hannu a ka yana zuba yare. Yalwa kuwa ta buɗe maƙogwaro gaba ɗaya.

Ghali bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya tsaya yana taɓa goshinsa yana kallon kan yarinyar da yake leƙowa ta kafaɗata.

"Da haɓarki ce fa? Da ita ce ta miƙo kai?" ya ce. "Laure, ya isa haka. Mu tafi gida."

Na san wane gidan yake nufi. Na tsaya kawai, idona ya cika, ina jin kukan Yalwa yana shiga ta ƙashin bayana.

Sai na ji an kama wuyan hannuna. Ayi ce. Ta ɗan buge bayan hannun, irin bugun da Inna take yi mini in na sa hannu a miya. Ta karɓe wayar daga hannun Ghali ta yi mata magana mai tsawo, wayar ta haɗa abin da ta iya, ta ce ba a sakinsa da wofi, kaya yake so, in ba kaya a bakinsa duka yake kaiwa. Ta nuna goyona, ta bugi nata bayan, ta kwatanta da hannu yadda ita ma ta goyi nata da jan ƙyalle tana tuƙa kwalekwale. Sannan ta ɗauko 'ya'yan gahawa ta niƙa a ɗan injin hannu, ta cika wani abu mai kama da ludayi, ta danne garin da kyau, ta murɗa shi a bakin injin, ta ajiye finjali a ƙasa. Ruwa ya yi zafi lokacin. Ta nuna mini hannun injin.

Ghali ya dawo da hularsa a hannu yana kaɗe ta. Na kalle shi.

"Abban Yalwa, sau ɗaya."

Ya zagayo bayana ya ɗora tafinsa a kan yarinyar ya rufe shi ruf, ya tsaya.

Na yi bismilla na jawo. Ayi ta riƙe gwiwar hannuna ta ce in tsaya a ƙasan. Muka tsaya. Ruwa yana taka kwano, Yalwa tana shessheƙa. Can ɗigo ɗaya baƙi ya faɗa finjali. Ta sa na raka shi sama kaɗan, sai na ji ya cije, kamar wani ya karɓa daga ciki. Ta fara ɓamɓare yatsuna daga mariƙin ɗaya bayan ɗaya. Na rufe ido ina jiran ƙarar.

Shiru. Na buɗe. Hannun yana tsaye a iska ba mai riƙe da shi, yana tashi da kansa a hankali, a hankali, kamar dattijo yana miƙewa daga sallaya. A ƙasa kuma gahawa tana sauka siririya, ba ta yankewa, launin zuma, tana tara kumfa ja a sama. Ƙamshin ya cika ƙuryar har ya kori danshin. Hannuwana suna sake ba abin yi, ga lokaci har ya yi yawa. Na tafa, a hankali. Ayi ta tafa ita ma, tana dariya ba haƙora.

Ta zubar da garin ta sake cikawa. Na ja, na jira, na raka, na saki, na tafa. Tsohon ya sha na farko ya gyaɗa kai. Ghali ya kurɓi na biyu ya yamutsa fuska ya ce wannan ai maɗaci ne, 'yan Nijar dai Allah ya shirye su, a ba shi sukari. Na ci gaba. Tururi yana tashi yana bin hasken da yake shigowa ta hudar kwano, madubai suna ta maimaita wata mata mai goyo tana sunkuyawa tana miƙewa, har can nesa inda ba na iya gane ni ce. Ban san finjali na nawa ba ne na ji nauyin ya canza. Duk mai goyo ta san wannan nauyin. Kai ya kwanta a tsakanin kafaɗu, ƙafafu sun saki, wani ɗumi yana ratsa riga inda yawu yake zuba.

Ban juya ba. Na ce da raɗa, "Ta yi?"

Ghali ya janye tafinsa ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa.

"Ta yi," ya ce.

Ku da kuka san Ghali kun san in yana ciniki har layi na uku ana jin sa. Ranar da raɗa ya yi. Ya sunkuya kunnen tsohon yana raɗa, tsohon yana mayar masa da raɗa, suna jan kalkuleta a tsakaninsu kamar ɓarayi, Ayi tana tsaye a kansu da yatsa a baki. Da suka daidaita ta yanko jan zare ta ɗaura a mariƙin, ta nuna ludayin ta nuna zaren ta ja kunnenta. Na ce sheshe Ayi, wato na gode, na gane. Ta cusa mini gyaɗa a jaka. Har muka hau motar da ta ɗauko mu da injin, har muka ƙetare gadar kogi, fitilun mota suna narkewa a gilashi, Yalwa ba ta motsa ba.

Yanzu yana bakin tagar Tanti Balkissa, an kwashe kwalayen. Ba ya sheƙi, ba wanda yake tsayawa a titi ya nuna shi, amma ƙamshi yana shigo da su. Alhaji Barmo ne ya fara sha, ya rufe ido ya ce wani abu da Faransanci, Tanti ta ce yabo ne. Matan madafa har rigima suke wa zai ɗauki Yalwa, ni kuma ina hana su, don a bayana take barcinta, in ta farka ta ci ta yi wasa, da na koma bakin inji ta koma.

Jiya Ghali ya kira Hajiya ta bidiyo yana tsaye daga bakin ƙofa, don har yau ba ya matsowa kusa da hannun nan sai ya dafe hula. Na ji yana ce mata ba bana ba, sai dai mu zo gaba ɗaya da Sallah. Ya juya wayar don ta ga takwararta tana barci. Hajiya ta matso da fuska ta daɗe tana kallona ina sunkuyawa ina miƙewa ina tafi, sannan ta ce masa, wai me Laure take dakawa ne a Sin ɗin, kuma ina turmin?